Taki Goma Sha Ɗaya Zuwa Zaure

Ƙat!
Sai duhu.
Fanka ta yi juyi uku na ban kwana,
firigo ya haɗiye nishinsa,
ƙanƙarar da na ƙulla tun la'asar
ta kama hanyar komawa ruwa.

Ƙafata ta haddace hanyar:
taki goma sha ɗaya zuwa zaure,
in hau kifaffen turmi,
in lalubo baƙin maɓallin nan, in tura shi sama.
Yara su ce, "Ta dawo!"
sai ka ce daga Makka.

Ba ɗaukewar gari ba ce.
Gidan Alhaji Nayusa tar yake,
mai shayin bakin titi na kallon ƙwallonsa.
Duk faɗin Bagalam, mu kaɗai.

Kuɗin gyaɗa ya gina gidan nan.
Baba ya ja masa waya
don ƙwai uku da rediyo ɗaya,
shekarar da aka haifi yayata Cima.
Yau ga mu, rai goma sha huɗu,
rataye a jijiyar tsoho guda.

Na sayi ɗan littafi na dala ashirin
don in kama ɓarawon:
Talata, bayan isha'i.
Alhamis, sau biyu.
Sai kwana tara shiru, har na saki jiki.
Lahadi, tsakar dare, ba abin da ke kunne sai fanka.

Na ɗora wa dutsen gugar Laminu,
muka yi kwana uku ba gaisuwa.
Shi kuma ya ce firigona ne mai haɗama,
a cusa tsinken ashana a danne maɓallin, kowa ya huta.
Maƙwabciya ta kawo turaren hayaƙi, ko da mutanen ɓoye ne.

Rabe mai gyara ya zo sau biyu daga Sabon Gari.
Duka biyun tana ci lafiya lau,
kamar yaron da zazzaɓi ke saki a ƙofar likita.
Ya karɓi jika, ya bar mini magana:
"Kar ku ɗaure bakin mai gadi.
Ba ya ihu sai ya ga wani abu."

Daren da zafi ya koro ni tsakar gida,
ina kwance, ido biyu,
sai ga Inna, takalmanta a hannu,
tana bin jikin bango
zuwa ɗakin da muka rufe shekara shida.
Ƙyaure ya yi ɗan kuka.
Haske ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa,
tsawon numfashi ɗaya.
Ƙat!

Ban tashi ba.
Na bar ta da duhunta har ta fito,
sannan na ƙirga goma sha ɗayana.

Da safe Rabe ya fasa bangon.
Gara ta yi gida, damina ta bar sawu,
ga waya tsirara,
ga wani tsohon haɗi naɗe da ƙyalle,
shuɗiyar shadda.
Na san rigar.

Ya ce, "Abu biyu ne.
In yanke layin ɗakin, dala ɗari, tunda ba mai kwana.
Ko sabuwar waya tun daga zaure, jika goma sha biyar."
Na buga a zuci: ƙullin ƙanƙara ɗari shida,
a bakin tasha, cikin rana.
Na ce, "Ja sabuwa."
Ya dube ni. Bai tambaya ba.

Ban faɗa wa kowa ba.
Laminu na bin na haƙuri, ban biya ba tukuna.
Fanka na juyawa har asuba,
ƙanƙara na kwana da taurinta.

Littafin dai yana nan ƙarƙashin matashi.
Wasu darare hasken nan kan leƙo ta ƙasan ƙofa,
ya daɗe,
ni kuma in rubuta:
Talata, bayan isha'i.
Alhamis, sau biyu.