Ranar da Barau Ya Amsa Gaisuwa

A shekara ta tara da kafa Ofishin Bai-ɗaya
aka rage gaisuwa ta koma amsa guda.
Ina kwana? Lafiya lau.
Ina gajiya? Lafiya lau.
Yaya mai jiki? Lafiya lau,
ko da jiya aka kai shi makwanci.

Kafin nan an riga an shafe ƙofofin gidaje,
tun daga Jakara har Gwammaja, ruwan toka.
An ƙwace laƙabi daga bakin mutane:
babu Dogo, babu Na-Koki, babu Autan Dela,
kowa da lambarsa rataye a wuya.
Masu dokar sun ce yatsun hannu ma,
da an kula da su tun suna ƙanana,
da tsawonsu ya zo ɗaya.

Ni ne dubu huɗu da goma sha bakwai.
Aikina zama a bakin Ƙofar Wambai
da littafi da hatimi,
in tambayi mai wucewa yadda ya kwana,
in buga masa shaidar lafiya.
Hannuna ya saba har ya daina jiran kunnena.

Ranar wata Talata, hantsi ya ɗaga,
wani tsoho ya tsaya a gabana,
jakar gyaran agogo a kafaɗarsa.
Na ce, Ina kwana?
Ya yi jim, kamar mai laluben canji a aljihu.
Sannan ya ce: Ban runtsa ba.
Haƙorina ne, na can ƙurya, ɓangaren hagu.
Kuma tun da Tabawa ta rasu
gadon ya yi mini faɗi.
Sunana Barau.

Hatimi ya tsaya a sama.
Layi ya yi tsit.
Wata mata ta toshe kunnen ɗanta da gefen mayafi,
wani ɗan dako ya sauke buhun da ba a ce ya sauke ba.
Lasifikar kan fal ɗin wuta ita kaɗai ta ci gaba:
Garinmu lafiya lau, garinmu lafiya lau.

Ba su bari an kira azahar ba.
Da suka tura shi cikin mota jakar ta kife,
agogai suka watse a kan kwalta,
wani yana cewa tara, wani uku saura kwata,
babu biyu da bakinsu ya zo ɗaya.

A littafi, gaban lambarsa,
na rubuta lafiya lau.
Ni na rubuta. Ba a sa mini bindiga ba.

Amma na taka agogo ɗaya da tafin ƙafa
har aka watse, na sa shi a aljihu.
Yana lattin minti bakwai.
Ban gyara shi ba.

Da daddare Ladidi ta ajiye mini tuwo,
ta ce, Ya aiki?
Na buɗe baki, amsar da aka ba ni ta maƙale.
Na ce, Tsoro nake ji.
Ta daɗe tana kallon ƙyaure.
Can ta ce, a hankali,
Ni kuma shekara huɗu ke nan bayana yake ciwo.
Muka zauna, tuwo ya huce,
kamar baƙin da suka gano garinsu ɗaya.

Yanzu a Mandawari, in mai shayi zai miƙa kofi,
yakan sunkuyo ya ce, gwiwata.
Mai karɓa ya ce, bashi.
Ciwo ya zama kayan sumoga,
kowa da nasa, kuma ba a musaya.

Har yau ina bakin ƙofar.
Ranar Litinin aka haife ni, uwata ta ce Tanimu.
In na ce, Ina kwana?
sai in ɗaga hatimin,
in jira.