Makullin Ƙofa Ta Bakwai

An ba ni makulli ɗaya da littafi,
da keke mai kukan tsohuwa,
aka ce: Manga, ƙofa ta bakwai taka ce,
kai za ka riƙa raba ruwa.

Shekarun da dam ɗin Dadin Kowa ke cika har wuya,
wa ya san sunana?
In murɗa ƙarfe, in koma gindin giginya,
kwata na ta surutunta ita kaɗai,
har barci ya yi gaba da ni, ba damuwa.

Bana damina ta yi sallama gero bai fid da kai ba.
Gongola ta rame, haƙarƙarinta duk a waje.
Matakalar awo da ban taɓa ganin ƙasanta ba
ga ta tsirara, kaguwa ta mutu a kai,
balbela na tsaye tana dubawa.

Sai takarda ta zo daga Gombe, da hatimi:
Litinin da Alhamis, shinkafar gabas, awa shida.
Talata, masu albasa, awa huɗu.
Asabar, ƙarshen kwata,
in an samu ragowa.

Ƙarshen kwata kuwa Wuro Gidado ne.
Can ba mai shinkafa,
sai baki ɗari uku, da rijiya mai amsa guga da ƙura,
da famfon da hannunsa ya karye tun bara.
Can yayata Dudu ke aure,
wadda ta goya ni ranar da inna ta kasa tasowa.

Yanzu kowa ya san sunana.
Alhaji Barde mai injin tara
ya aiko da goro, ƙarƙashin goron da nauyi.
Na mayar. Ya daina amsa mini gaisuwa.
Sambo mai kadada rabi ba shi da abin aikowa,
sai ya kafa kara, yana auna inuwa:
Manga, agogonka gudu yake a ranata,
ranar Barde kuma rarrafe yake, kamar hawainiya mai tsufa.
Na nuna masa littafi. Ya ce albasa ba ta karantawa.

Ran Asabar na buɗe, na bi ruwan a keke.
Tsagar ƙasa ta fara shan nata,
tiyo goma sha ɗaya da aka binne da dare suka sha nasu,
rana ta karɓi zakka.
Abin da ya isa Wuro Gidado
bai fi harshen ƙadangare ba,
yara na bin sa da murfin kwano, suna kwalfewa.

Dudu ba ta ce mini komai ba.
Ta shimfiɗa tabarma, ta shiga ɗaki,
ta fito da moɗa, rabi, ja kamar kunun kanwa,
wanda ta tono a yashi tun kafin asuba.
Ta durƙusa: sha, baƙo ba ya zama da ƙishirwa.
Ban iya ƙi ba.
Ya tsaya mini a wuya har yau, ya ƙi wucewa.

Laraba ba sunan kowa a takarda.
Daren nan na tsaya a kan ƙofa, makulli na zufa a hannuna.
Na san lissafin: abin da na zuba a tulun wani
daga kunyar wani na ɗebo,
wataƙila ma ta Sambo.
Na murɗa sau uku.
Ƙarfe ya yi ƙara, kwaɗi suka yi shiru.

Na kunna tocila, na buɗe littafi,
na rubuta da hannuna, ban ɓoye ba:
Laraba, dare, awa biyu, Wuro Gidado, na sha.

Gobe mai babur zai zo daga ofis.
In makullin suke so, ga shi a rataye.
Sai dai duk wanda zai karɓa,
ya fara zuwa gidan Dudu
a ba shi ruwa.