Kuɗin Kwalekwale a Zobe

Dubu uku, in ji Lawandi,
yana kwalfe ruwan cikin jirginsa da gwangwanin madara.
Zuwa ina? Ba ko'ina.
A zaga, a dawo nan.

Na ja Saude gefe, na hau lissafi da yatsu:
motar Dutsin-Ma, daga can ta Katsina,
tsiren da na yi wa yara alkawari.
Na ce mata ruwa dai ruwa ne,
daga bakin nan ma ana kallonsa kyauta.
Wanda muke saye a jarka, ko banza ana sha.

Ta ce, shekara sha tara ina ɗaukar ruwa a ka,
yau ɗaya ina so shi ya ɗauke ni.

Na taya dubu biyu. Albarka.
Ta kwance bakin gyale ta cika sauran.

Da muka yi tsakiya na ƙanƙame katako,
ba addu'ar da ban karanto ba.
Ita kuwa hannunta na cikin ruwa har awarwaro,
tana dariyar da rabona da ji
tun muna haya a Ƙofar Marusa.

Yara dai ƙuli-ƙuli suka samu.