Gardama a Mainamaji

A Mainamaji, bakin daji,
inda kwalta ke sallama da gari,
muna zaune a tsamiyar Bappayo maƙeri,
la'asar ta yi sanyi, zuga-zugi ya huta,
sai gardama ta kama kamar wutar kara:
cikin namun Yankari, wa ya fi ƙwari?

Tela ya ce, giwa mana, har da tambaya?
Na ga toro ya jingina da giginya
don ya sosa ƙaiƙayin kafaɗa,
giginyar ta kwanta, bai ko waiwaya ba.

Jatau ya yi dariya da haƙoransa biyu.
Shekara talatin yana bin sawu,
da fari da kwari da baka, daga baya da kakin gandu.
Ya ce, yaro, giwa ka gani a ƙuruciya.
Ni na ga tsohuwa a bakin Gaji,
turamen bakinta sun cinye sun ƙare,
tana tsotsar ciyawar fadama kamar jinjiri.
Ga daji fal da ganye,
yunwa ta durƙusar da ita.
Dutse mai tafiya, haƙori ya kayar da shi.

To dorina fa? in ji Maikano direba.
Fatarta ake yanka a yi bulala,
mashi ya taɓa ta ya lanƙwashe,
kwalekwale a bakinta ƙosai ne.
Jatau ya ce, raba ta da ruwa yini guda
ka ga fatar nan ta daddare
kamar laka a tsakiyar bazara,
tana zubar da jan gumi, tana haki.
Mai ajiye ƙarfinsa a kogi
aro ya yi, ranar biya na tafe.

Zaki ba a daɗe a kansa ba.
Kirari ya fi shi nauyi.
Gwanki ya taɓa shurin wani a muƙamuƙi,
mako uku, kuraye suka raba gado.
Kada kuwa sulke ne a baya,
juya shi ka ga ciki kamar tuwon shinkafa.

Da aka zo kan ɓauna Jatau ya yi shiru.
Ya naɗe ƙafar wando har cinya.
Tabo ne, fari, tsawon kamu guda.
Ya ce, ga sa hannunta nan.
Ƙahonta ɗaya a karye,
dalmar maharba uku a kafaɗa,
tarkon waya ya cinye mata ƙafar baya,
zaki ya hau ta, ta sauke shi cikin ƙaya.
Damina tara ina ganinta
tana ɗingishi a ƙarshen garke,
carki na tsintar kaska a gadon bayanta.
Giwa ta fi ta jiki, dorina ta fi ta fata,
ita dai mutuwa ta ƙi.
Ranar da na harbe ta ina saurayi
ita ta rataye ni a reshen marke,
ta tsaya tana jira har magariba.

Muka yi tsit, kowa na auna tabon.

Sai ga Inna Dudu da ƙwaryar kunu.
Ku sha, ya huce, masu shari'ar dabbobi.
Gonarta ce ta ƙarshe kafin iyakar daji.
Bara giwaye suka kwana a dawarta,
bara waccan ma haka,
da ta koma masara birai suka yi biki.
Duk mun sani. Ba wanda ya ɗaga zancen.

Ta ƙirga kuɗinta, ta ƙulle a bakin zane,
ta dubi gabas, hadari na haɗa kai.
Ta ce, Bappayo, sungumina fa?
Ka kafa masa ƙota kafin asuba,
irin na nan cikin tulu, na yayyafa toka.

Jatau ya sauke ƙafar wandonsa.
Bappayo ya tashi ya hura wuta.