Ɗakin da Muka Toshe wa Hanci

Ranar Laraba Malami ya kawo mai fenti,
ya ce kafin azumi sai ɗakin nan ya fito.
Shuɗi ne, na mai, mai sheƙi,
har kana hango inuwarka a bango.
A ciki muka kwana daren nan,
don waje na sauro ne,
kuma sauron Mabera ba ya jin magiya.

Na ja taga. Na cusa tsumma ƙasan ƙofa.
Na ɗauko fiya-fiya a kwalbar da ba ta da suna,
irin wadda yara ke yawo da ita a tire,
na yayyafa ƙarƙashin gado, bayan kwabet, gindin labule.
Da warin ya hau mini kai
sai na ɗebo garwashi na zuba turaren wuta,
kamar mai yafa sabon gyale a kan gyambo.

Bayan katanga janareton Mode na ta tari,
bakin salansarsa na leƙen ɗakinmu
kamar maƙwabcin da ba ya sallama.

Ƙarfe biyu da wani abu Luba ta farka.
Ba kuka take yi ba.
Da kuka ne, da na gode Allah.
Ƙirjinta ne ke fito,
siririn sauti irin na sarewar da ta tsage,
haƙarƙari na shiga, na fita,
ido jawur, tana kallona
kamar ni na ƙulle iskar a bakin zane.
Ni ma kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi.

Malami ya sure ta ba ko takalmi.

A asibiti wata nas gajeruwa,
mai tabarau ɗaure da zare,
ta sa mata abin shaƙa, sannan ta juyo gare ni:
Me kuka shafa? Me kuka fesa? Me kuka kunna?
Na fara ƙirga da yatsu,
ina ninke su ɗaya bayan ɗaya,
kunya na hawa wuyana.
Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi,
ɗaki ma yana numfashi, baiwar Allah,
in kin toshe masa hanci
da huhun ɗiyarki zai rama.

Da hantsi muka dawo.
Na ɓalle tagogi har ƙusa guda ta fita,
na janye tsumman,
na fitar da katifa ta sha rana.
Kwalbar nan na naɗe ta a leda uku,
na yi nesa da ita da gidan.
Malami ya tsallaka wurin Mode.
Na ji muryoyi sun ɗan tashi,
na ji an yi shiru,
can na ji ƙarar jan ƙarfe a ƙasa
ana mayar da injin bakin zaure.

Kwana tara muka yi gindin dogon yaro,
gidan sauro ɗaure da reshe da igiyar shanya.
Inno ta zo dubiya, ta leƙa ɗakin, ta taɓe baki:
Mu da munka tashi ɗakin laka,
iska ba ta biɗar izni in za ta shiga.
Ku kun samu siminti, kun rufe kanku awa tulu.

Fentin na nan. Kyansa bai rage ba.
Kaskon turare na kife a bayan murhu,
gizo-gizo ya kama haya a ciki.

Yanzu kullum da asuba, kafin in ɗora ruwa,
nakan tsaya tsakiyar ɗaki in ja numfashi,
in saurara da hanci.
Jiya Luba ta kama ni.
Ta ce, Umma, me kike shinshina?
Na ce, babu.
Ta yi dariya, dariya mai tsawo,
wadda tari bai yanke ba.
Ban gaya mata babun nan nake nema ba.