Ƙarƙashin Ganye

Ni aikina juya ganye.
Kafin rana ta hau duwatsun Birni
na durƙusa gaban lemun tsami,
madubi a wuya kamar laya,
ina ƙirga baƙin da suka kwana ba sallama.

Bakwai a nan. Sha ɗaya a can.
Na rubuta. Ban taɓa kowa ba.

Malam Kyari mai ban ruwa ya ce,
"Cima, ga famfon feshi can rataye,
yi musu wanka ɗaya mu huta.
Jibi ƴan lakwal za su zo kallo,
ganye duk ya nannaɗe."

Na nuna masa reshen magarya:
ƙoƙi-ƙoƙi ta ɗaga hannu tana jiran kalaci,
hawainiya na tafe, taku ɗaya, tunani uku.
Su ma ma'aikata ne, Malam,
albashi ne kawai ba su ɗauka.
In na zuba guba, ɓarawo da mai gadi
rami ɗaya za su.

Sai na daka ƴaƴan bedi, suka kwana a ruwa,
ɗan sabulu, ɗan tonka.
Hannuna ya yi ɗaci har tuwon dare.

Ba duka na ci ba.
Ƙaramar kanyar da muka ɗauko daga Miriya
ta bushe ran Laraba, gara ta riga ni.
Na cire allon sunanta, na goge da bakin zane.

Yau uku na samu a ganyen.
Malam Kyari ya leƙo ta kafaɗata:
"Ba ni madubin nan in gani."