Kwanar Hagu

Kwana tara da janyewar kogin Huong,
laka na nan jikin garu, daidai ƙugu,
sai ga Nhan mai furanni ta turo babur rumfarmu,
kwando a baya, furanni duk sun sunkuyar da kai.

Ta ce: In na miƙe hanya, lafiya lau.
In na yi dama, ba ya gardama.
Amma in karya hagu, sai ya ɗauke numfashi,
fitila ta mutu, hon ya shaƙe,
in tsaya tsakiyar titi ana ta yi mini ihu.
Kanikawa uku sun ci kuɗina.
Ɗaya ya canza batir, ɗaya fulogi,
na ukun ya sa sabon kwayil,
ya ce in ƙara da ƙona turare.

Kakana Tuong bai ce uffan ba.
Ya kurɓi shayin da ya huce tun hantsi,
ya miƙo mini mita.
Diep, in ji shi, fara daga tushe.
Wuta ba ta ɓata, hanya ake tare mata.

Na ɗora ja kan ja, baƙi kan baƙi.
Sha biyu da ɗigo shida. Batir ya kuɓuta.
Na zaro fiyus na ɗaga wa haske,
zarensa garau, ko tabo.
Fulogi ya watsa shuɗin tartsatsi a jikin inji
kamar mai yi mana gwalo.
Na ce: Kaka, ai ƙalau yake.
Ya ce: Ciwo ne mai kunyar likita.
Tada shi, ki juya kan.

Na juya dama, inji na gurnani.
Na juya hagu,
sannu,
sannu,
ɗif.

Nhan ta tafa hannu: Kun gani? Khiem ne.
Nasa ne babur ɗin. Bana shekara biyu da binne shi.
Tun yana raye bai taɓa yarda
da hanyar da na zaɓa ba.

Muka kwance murfin wuya.
Wayoyi a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana.
Kaka ya rufe ido,
yana bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya,
koriya, ruwan ɗorawa, mai ratsin fari,
har ya zo kan wata ja, ya tsaya.
Ya kama hannuna ya ɗora: Ji nan.
Daga waje sumul,
ciki kuwa taushi, kamar karan da gara ta riga mu.

Na tsaga robar da reza.
Tagulla ta zama koriya, ruwa ya kwana a ciki,
saura sili biyu ke riƙe da zumunci.
A yi dama su gaisa,
a yi hagu su saki juna.

Na yanke ruɓaɓɓen, na ƙara sabuwa,
dalma ta narke ta bi gaɓa, na naɗe da tef.
Bar mata sarari, in ji Kaka,
abin da aka ɗaure tamau shi ke fara tsinkewa.

Nhan ta hau, ta tayar.
Hagu. Dama. Hagu har ƙarshe.
Inji bai ko yi tari ba.
Na jira murmushi, bai zo ba.
Ta daɗe tana kallon makulli,
can ta ce, ba da mu take ba:
To yanzu da wa zan yi faɗa a bakin gada?

Kaka ya duƙa, gwiwa na ƙara,
ya tsinto guntuwar wayar cikin laka,
tsawonta bai kai ɗan yatsa ba.
Ya goge, ya naɗe a yagen jarida, ya ba ta.
Ta sa a aljihun ƙirji.
Ta biya, ta ajiye mana dami guda na furanni
kan akwatin sufana.

Na bi ta da ido har ƙarshen layi.
Kasuwa tana dama, kowa ya sani.
Ta kunna sigina, ta karya hagu,
bakinta na motsi.